Tura Matashi Sansanin Jeji a Amurka: Asalin Al'adar da Abin da Ya Kamata Iyaye Su Tantance

Makarantun Amurka sukan rufe daga watan Yuni zuwa wajen ƙarshen Agusta, kuma wannan dogon hutu na lokacin zafi shi ya raya al'adar tura yara sansani, wato wurin da yaro zai bar gidan iyayensa ya zauna da tsararrakinsa na wasu makonni a hannun malamai masu kula da su. Mafi tsanani a cikin ire-iren waɗannan wurare shi ne sansanin jeji, wanda ba shi da ɗakin kwana ko ɗakin girki, domin ana kasa matasa masu shekara 13 zuwa 18 rukuni-rukuni na kimanin mutum goma, a haɗa su da malamai biyu ko uku, su shiga daji ko tsaunuka ko su bi kogi da kwalekwale na tsawon mako biyu zuwa wata guda, suna ɗauke da abincinsu da tantinsu a jakar goyo.

Masana tarihin wannan al'ada sukan fara ƙirga ta daga shekarar 1861, lokacin da Frederick Gunn, wani shugaban makaranta a jihar Connecticut, ya fita da ɗalibansa suka yi mako biyu suna kwana a tanti a bakin teku. Sai dai tsarin da sansanonin jeji suke bi a yau ya fi samun tushe daga Kurt Hahn, malamin makaranta Bayahude ɗan Jamus, wanda ya bar ƙasarsa a 1933 bayan da gwamnatin Hitler ta tsare shi, ya koma Birtaniya. A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, shi da Lawrence Holt, wani mai kamfanin jiragen ruwa, suka buɗe makarantar Outward Bound a garin Aberdyfi na yankin Wales, domin horar da matasan ma'aikatan jirgi su iya jure wahala idan an nutsar da jirginsu. Ra'ayin Hahn shi ne, ba ƙarfin jiki ne ya fi ƙaranci a wurin matashi ba, abin da ya rasa shi ne sanin iyakar abin da zai iya, kuma ba zai san wannan ba sai an ɗora masa nauyi na gaske wanda wasu suka dogara da shi a kansa. Tsarin ya isa Amurka a 1962 da buɗe reshe a tsaunukan Colorado, sannan a 1965 Paul Petzoldt ya kafa makarantar NOLS a garin Lander na jihar Wyoming. Wannan tsari ba baƙo ba ne a Najeriya, domin cibiyar da aka buɗe a Man O' War Bay ta ƙasar Kamaru a 1951 a kansa aka gina ta, kuma ita ce ta zama Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci wadda take da makaranta a duwatsun Shere kusa da Jos.

Rayuwar yau da kullum a irin wannan tafiya ita ce ainihin darasin. Matasan sukan tashi da sassafe su dafa abin karyawa a ƙaramin murhun gas, su kwance tanti, su raba kaya a tsakaninsu ta yadda jakar kowa kan kai kilo 20 ko kusa da haka, sannan su kama hanya da taswira da kamfas, na'urar da allurarta ke nuna arewa. Ruwan sha daga rafi ake ɗiba, amma sai an tafasa shi ko an tace ko an sa masa magani, saboda ƙwayoyin cuta masu kawo gudawa. A shirye-shirye da yawa ana naɗa matashi ɗaya ya shugabanci rukunin na yini guda, shi zai zaɓi hanya, ya tsayar da lokacin hutu, ya lura da wanda ƙafarsa ta yi bororo ko wanda ya gaji ya yi shiru, malaman kuwa su koma baya suna kallo, ba sa tsoma baki sai idan kuskuren zai jawo haɗari. Idan shugaban ya ɓatar da hanya, rukunin duka ne zai isa masauki da dare cikin yunwa, kuma wannan sakamako da yaro yake gani da idonsa ya fi faɗan iyaye ko na malamin aji zama a zuciya. Akwai kuma abin da ake kira zaman kaɗaici, inda ake ajiye kowane matashi shi kaɗai a wani wuri da malamai suka zaɓa suke kuma leƙawa, daga 'yan sa'o'i zuwa kwana uku gwargwadon shekarunsa, da ruwa da ɗan abinci da littafin rubutu. Wayar hannu kuwa tun ranar farko ake karɓe ta.

Amfanin wannan horo ba a bakin masu tallarsa kaɗai ya tsaya ba. A 1997 John Hattie da abokan aikinsa sun tattara sakamakon bincike 96 da aka yi a kan irin waɗannan shirye-shirye, suka gano cewa mahalarta suna samun ƙarin yarda da kai da iya jagoranci, kuma amfanin bai gushe bayan an koma gida ba, ya ma fi bayyana a shirye-shiryen da suka wuce kwana 20. Abin takaicin shi ne tsada, domin tafiyar mako uku kan ci dubban daloli, ban da kuɗin takalmi da tufafi da jirgi, ko da yake manyan makarantun suna da tallafi ga 'ya'yan marasa ƙarfi.

Haɗarin jeji gaskiya ne, kuma duk sansanin da ya ce babu shi bai cancanci amana ba. Yawancin abin da ke faruwa targaɗe ne da ƙuna da ciwon ciki, amma akwai tsawa a kan tsaunuka, da ruwa mai ƙarfi wajen ƙetare kogi, da sanyin da ke ratsa jiki har zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 35, da kaska mai ɗauke da cutar Lyme a arewa maso gabashin ƙasar. Ambaliyar kogin Guadalupe a jihar Texas ranar 4 ga Yuli, 2025, wadda ta halaka 'yan mata da masu kula da su 27 a sansanin Camp Mystic, ta nuna cewa ko sansanin da yake da gine-gine yana buƙatar tsarin kwashe yara da aka gwada tun kafin masifa ta zo.

Amma babban abin da ya wajaba iyaye su bambanta shi ne sansanin da matashi ya je da yardarsa, da wani nau'i da ake kira jinyar jeji, wanda ake tallata wa iyayen da 'ya'yansu suka faɗa shaye-shaye ko suka gagari gida. A wannan nau'i na biyu akan yi hayar mutane su ɗauke yaro daga gadonsa da tsakar dare ba da saninsa ba, a kai shi hamada ya yi makonni ba shi da hanyar magana da iyayensa sai ta wasiƙar da ma'aikata suke karantawa. A watan Oktoba na 2007 ofishin binciken ƙwaƙwaf na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto a kan cibiyoyin gyaran halin matasa, inda ya tarar da dubban ƙorafe-ƙorafen cin zarafi, ya kuma bi diddigin mutuwar matasa goma tsakanin 1990 da 2004, wasunsu saboda ma'aikata marasa horo sun ɗauki ciwo na gaske a matsayin ƙarya da lalaci. Sai a watan Disamba na 2024 aka sa hannu a kan dokar tarayya da ta umarci a riƙa nazarin halin da yara suke ciki a irin waɗannan cibiyoyi. Kayan aikin iri ɗaya ne da na sansanin Hahn, tanti ne da jaka da doguwar tafiya, amma wahalar da yaro ya zaɓa da kansa tana gina shi, wadda aka ƙaƙaba masa a matsayin hukunci kuwa tana iya barin masa tabon da zai daɗe bai warke ba.

Ƙungiyar Sansanonin Amurka, wadda aka kafa a 1910, tana ba da shaidar inganci, amma neman shaidar ganin dama ne, kuma dokokin lasisi sun sha bamban daga jiha zuwa jiha, saboda haka nauyin bincike yana wuyan iyaye. Ya kamata su tambayi yawan malamai a kowane rukuni da irin horon agajin gaggawa na jeji da suka samu, da yadda ake kiran taimako inda babu layin waya, da nisan asibiti mafi kusa, su kuma faɗi gaskiya a takardar lafiya game da asma ko farfaɗiya ko maganin da yaron yake sha. Iyali Musulmi suna da haƙƙin tambaya a kan abincin halal da lokutan salla da rukunin 'yan mata zalla, wanda makarantu da dama suke shiryawa. Kafin a biya ko sisi, a zauna da matashin a ji ra'ayinsa, sannan a nemi sansanin ya nuna tarihin haɗurran da ya taɓa samu a rubuce. Wanda ya ƙi nunawa, kada a ba shi yaro.