Wasa Ba Faɗa Ba: Daga Darar Warra Zuwa Teburin Dungeons & Dragons

Duk wanda ya taɓa kwana a hostel ya san wannan hayaniyar. Sha ɗayan dare ta wuce, an ɗauke wuta, an kunna fitilar waya, mutum huɗu sun zagaye katifa ana buga Whot. Can sai ka ji wani ya daka tsawa: "Malam ɗebi biyu, ba a tarewa!" Ɗayan ya ce, "Wallahi a garinmu ana tare biyu da biyu!" Kafin ka ce kwabo an watsar da karta, wani ya ɗauki pilonsa ya koma ɗakin maƙwabta.

Abin lura shi ne duk cikinsu babu maƙaryaci. Ɗan Zuru da dokar da ya taso da ita ya zo, ɗan Argungu ma haka, na Yauri ma haka. Laifinsu ɗaya ne: sun raba karta ba su zauna sun tsayar da dokar da za a bi ba. Wannan ciwo ba mu kaɗai ke fama da shi ba. Akwai wani wasa a duniya da littattafan dokokinsa suka kai ɗaruruwan shafuka, amma masu yinsa sun shekara 50 suna musu. Abin da suka koya cikin wannan musun zai yi mana amfani.

Mu fara daga gida

A Warra na tashi, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, a bakin tafkin Kainji. Idan la'asar ta yi sanyi, masunta sun dawo daga ruwa sun shanya koma, za ka tarar da dattawa a gindin bishiya sun haƙa gurabu 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida. Kowa na da 'ya'ya 12, wannan tsinke, wancan tsakuwa. Da farko a yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya. In an gama sai a fara tafiya, gida ɗaya gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya cire ɗan abokin karawarsa guda.

Dara kenan, kuma ka ji kamar babu abin musu a ciki. To amma in mutum ya jera huɗu fa, ya ci ko bai ci ba? In abokin wasa ya riga ya jera nasa ukun, ya halatta ka cire ɗaya daga cikinsu? Wasu wuraren sun yarda, wasu sun hana. Abin da ya sa ba ka cika ganin dattawan nan sun tashi baram-baram ba shi ne sun daɗe suna wasa tare, kuma kullum akwai wani tsoho a gefe da in ya ce "ba a haka", magana ta ƙare. In baƙo ya zo daga Shanga ko Yelwa, kafin ya dasa tsinken farko sai ya tambaya, "Ya kuke yi a nan?" Riƙe wannan tambayar, za mu dawo kanta.

Mene ne Dungeons & Dragons?

Waɗanda suka kalli Stranger Things sun ga yaran nan zaune a teburi suna jefa dayis suna ihun dodo. Wasan da suke yi kenan, ana taƙaita sunansa da D&D. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da shi a 1974 ƙarƙashin kamfanin TSR. Kamfanin Wizards of the Coast ya saye TSR a 1997, kuma shi ke buga wasan har yau.

Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce ka ɗauka tatsuniya ce wadda masu sauraro ke cikinta. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke cewa ga ta nan ga ta nanku: ya siffanta gari, daji, kogo da dodon da ke ciki. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi, wannan jarumi mai takobi, wancan ɓarawo mai sanɗa, waccan mai siddabaru. Ana rubuta ƙarfin kowa da wayonsa da lambobi a takarda. Jagora ya ce, "Ga ƙofa a kulle, me za ku yi?" Kai kuma ka ce, "Zan ɓalle ta." Sai ka jefa dayis mai fuska 20, a haɗa abin da ya fito da lambar ƙarfinka. In ya kai adadin da jagora ya sa, ƙofa ta ɓalle. In bai kai ba, kafaɗarka ce ta sha wuya.

Ba baƙon abu ba ne gare mu in an duba. A wasan kalankuwa samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu bayan kaka, kowa ya riƙe matsayinsa kamar gaske. A tashe yaro kan zama tsoho mai gemun auduga. Abin da D&D ya ƙara shi ne lissafi da dayis, don kada wani ya ce "na kashe dodo" alhali babu mai iya ƙaryata shi.

Inda ake samun saɓani

A dara abin da za ka iya yi ƙidayayye ne. A D&D kuwa ɗan wasa na iya cewa zai yi komai, kuma babu littafin da zai hango komai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga uku daga cikin tsagogin da suka fi shahara.

Na farko, rigimar 20. A dokokin bugu na biyar da aka fitar a 2014, in dayis ya nuna 20 lokacin kai sara, saran ya samu ko da wane irin sulke abokin gaba ya sa. Amma wannan garaɓasar ta faɗa ce kawai. Duk da haka ɗimbin 'yan wasa sun ɗauka 20 na buɗe kowace ƙofa. Sai wani ya ce zai roƙi sarki ya sauka ya ba shi gadon sarauta, ya jefa, 20 ta fito, ya miƙe yana jiran rawani. Jagora ya ce sam, iyakar abin da 20 ta saya maka shi ne sarki ya yi dariya bai sa dogarai sun kama ka ba. A 2022 kamfanin ya gwada mayar da 20 nasara a kowane irin yunƙuri cikin daftarin sababbin dokoki, 'yan wasa suka yi ca, aka janye.

Na biyu, musun lafazin doka da manufarta. A wasan, zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa shida ne, kuma kowa na iya shirya abin da zai yi a cikinsa. Sai wasu masu wayo suka ce to, a jera dubban talakawa a layi, kowa ya shirya miƙa wa na gabansa mashi. Tunda duk a zagaye ɗaya ne, mashin zai ratsa layin cikin daƙiƙa shida, ya fita da gudun da ya fi na harsashi. Kamar a jera mutane daga Warra zuwa Yelwa a ce sanda ta isa kafin ka gama atishawa. A lafazi ba su karya doka ba, a hankalce kuwa shirme ne. Maganar ta yi yawo har sai da littafin jagora na 2024 ya taɓo ta, ya nuna cewa an yi dokokin ne don wasa ya yi daɗi, ba su ne ke tafiyar da duniya ba.

Na uku ba musu ba ne, ɓarna ce. Akwai wata dunƙulen wuta da mai siddabaru ke jefawa, tana cin duk abin da ke cikin ƙafa 20 ta kowane gefe. Wuta kuwa ba ta san aboki ba. Sau da yawa sabon ɗan wasa kan jefa ta cikin ƙaramin ɗaki don ya ƙona dodo, ya ƙone abokan tafiyarsa uku har da kansa. Dara ta ci gida kenan. Akwai kuma tsohon labarin da suke ba juna na wani da jagora ya ce masa ga "gazibo" a lambu. Bai san kalmar ba, kunya ta hana shi tambaya, ya ɗauka wani dodo ne, ya harba masa kibiya. Ashe rumfar shan iska ce. Wanda ya taɓa amsa tambayar jarrabawa bai fahimci kalma ɗaya a cikinta ba ya san zafin wannan.

Kada ka ce ƙananan 'yan wasa ne kawai. Su kansu Gygax da Arneson sai da suka je kotu a 1979 kan haƙƙin wasan da kuɗinsa, suka sasanta a 1981.

Ranar da muka gwada a bakin ruwa

Wani hutu na ce bari mu gwada namu a Warra. Ba mu da littafi, ba mu da dayis mai fuska 20, sai na ludo. Na zama jagora, abokaina uku suka zama masunta da za su tsallaka zuwa wani gungu neman ɗan'uwansu da ya ɓata. Doka ɗaya na kafa: in ka jefa shida, abin da ka yi niyya ya yiwu.

Tafiya ta yi tafiya, sai na ce ga dorina ta taso gaban kwalekwale. Ɗaya daga cikinsu, ɗan gidan Sarkawa ne ma, ya ce zai watsa mata birgi ya jawo ta cikin jirgi. Ya jefa, shida ta fito. Na ce haba, kai da ka san ruwa, wace birgi ce za ta ɗauki dorina? Ya ce, "Kai ka ce shida ta yi komai. Ko don ni ne za ka canza?" Gardama ta kaure, aka tono tsofaffin maganganu da ba su shafi dorina ba. Sati biyu ko gaisuwa ba ma yi.

Da na huce na gane shi ke da gaskiya a lafazi, ni ke da ita a hankali, amma laifin nawa ne. Na kafa doka ban faɗi iyakarta ba, sannan na bar shi ya jefa kafin in ce abin ba zai yiwu ba. Ni na je har gida na ba shi haƙuri.

Abin da za mu ɗauka

Masu D&D sun fito da wasu ladubba bayan shekaru suna irin wannan rigima, kuma duk suna aiki a kan Whot, ludo da dara.

Ɗaya, zaman share fage. Kafin a fara wasa sukan ware zama guda don a yarda da dokoki da abin da ba a so a kawo. A Whot minti biyu ya isa: ana tare biyu? Biyar na sa a ɗebi uku? Wanda ya manta bai sanar da katinsa na ƙarshe ba, nawa zai ɗiba? Tambayar baƙon dara ce dai: ya kuke yi a nan?

Biyu, a san mai yanke hukunci tun kafin a buƙace shi. In an jira sai rigima ta tashi, duk wanda aka kira za a ce ɗan ɓangare ne.

Uku, a yanke yanzu, a yi musu daga baya. Jagora na gari kan ce, "Yau haka za mu yi, in an tashi mu duba." Wasa ya ci gaba, zuciya ta huce.

Huɗu, ba a canza doka bayan dayis ya faɗi. In abu ba zai yiwu ba, faɗa tun dayis na hannu.

Biyar, kada kuɗi su shigo. Ban da kasancewar caca haramun, duk musun da za a gama da dariya, in an ɗora naira ɗari biyar a kai sai ya koma dambe. Akwai kuma abokanmu da ba sa taɓa wasan dayis sam saboda abin da suka karanta wajen malamansu. A girmama su, kada a matsa.

In ka lura, rigingimun da ke tashi lokacin zaɓen ƙungiyoyinmu na ɗalibai ma irin wannan ne: kundi bai fayyace ba, kowa ya fassara yadda zai fisshe shi, sai bayan an ƙirga ƙuri'a a tuna da wani sashe. Wanda ya saba tsayar da doka kafin ya raba karta, ba zai sha wahalar tsayar da ita kafin a buga takardar ƙuri'a ba.

Shi kuwa abokina, mun koma mun ƙarasa labarin a hutun da ya biyo baya. Mun yarda birgi ba ta kama dorina, amma shidarsa ba ta tafi a banza ba: ragar ta rufe mata ido har suka samu suka tuƙa suka tsere. Har yau in mun haɗu sai ya ce ina riƙe masa dorina ɗaya.