TAURA BIYU: Zama Ɗan Ƙasashe Biyu Da Aikin Soja A Koriya Ta Kudu

Ran 2 ga watan Fabrairu na shekarar 2002 ba za ta ɓace wa mutanen Koriya ta Kudu ba da wuri. A ranar ce wani saurayi mai suna Yoo Seung-jun, wanda yake ɗaya daga cikin mawaƙan da suka fi farin jini a ƙasar, ya sauka a filin jirgin saman Incheon riƙe da sabon fasfo na Amurka. Ma'aikatan shige da fice suka duba takardarsa, suka ce ba shi da izinin shiga, aka mai da shi inda ya fito. Laifinsa shi ne ya sauya ƙasa a daidai lokacin da ake jiran ya fara hidimar da doka ta ɗora wa kowane namiji.

Kafin mai karatu ya gane zafin wannan al'amari, wajibi ne ya tuna cewa yaƙin da aka gwabza tsakanin Koriya ta Arewa da ta Kudu daga 1950 zuwa 1953 bai ƙare da yarjejeniyar zaman lafiya ba, tsagaita wuta kawai aka yi. Saboda haka tsarin mulkin ƙasar ya wajabta wa 'yan ƙasa kare ta, doka kuwa ta ɗora nauyin a kan maza masu ƙoshin lafiya: wata 18 a sojan ƙasa, wata 20 a sojan ruwa, wata 21 a sojan sama. Ɗan attajiri da ɗan manomi duk layi ɗaya suke bi. Hatta mawaƙan ƙungiyar BTS, da duniya ta san su, sun amsa kira tun daga watan Disamba na 2022. Ɗan ƙwallon nan Son Heung-min ya sami sassauci ne kawai domin ya ciwo wa ƙasarsa lambar zinariya a wasannin Asiya na 2018, duk da haka sai da ya yi horon mako uku.

Shi dai Yoo a Seoul aka haife shi cikin 1976, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Kalifoniya yana yaro, ya komo gida ya fara waƙa cikin 1997. Jama'a sun sakankance zai yi hidimarsa kamar kowa. Hukuma ta ba shi izinin fita waje na ɗan lokaci, sai kawai aka ji cikin Janairun 2002 ya karɓi takardar zama ɗan Amurka, abin da ya soke zamansa ɗan Koriya, ya kuma sauke masa nauyin soja. Mutane suka ɗauki abin cin amana. Ban da 'yan kwanakin da aka ba shi cikin 2003 domin halartar jana'iza, ƙofar ƙasar ta rufu gare shi, ya koma neman abinci a ƙasar Sin.

Cikin 2015 ya fito ya durƙusa gaban kyamara yana neman gafara, sa'an nan ya nemi biza mai lamba F-4 a ƙaramin ofishin jakadancin Koriya da ke Los Angeles. Ita wannan biza an tanade ta ne domin 'yan asalin Koriya masu riƙe da fasfon wata ƙasa, tana ba su damar zama da kama yawancin ayyuka. Aka hana shi. Ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ce cikin 2019 ba a bi ƙa'ida wajen hana shi ba. Aka sake hana shi cikin 2020, ya sake yin nasara cikin 2023, aka kuma hana shi cikin 2024. A watan Agusta na 2025 wata kotu a Seoul ta ba shi gaskiya a ƙara ta uku. Watau alƙalai suna duban harafin doka, hukuma kuwa tana duban zukatan iyayen da 'ya'yansu ke gadin kan iyaka cikin sanyi.

Abin da ya faru da mutum ɗaya ya shafi dubbai. Cikin 2005 majalisar dokoki ta gyara dokar zama ɗan ƙasa, ta ce duk namijin da aka haifa da ƙasashe biyu, in yana son barin Koriya, to ya yi haka kafin ƙarshen watan Maris na shekarar da zai cika 18. In ya wuce wannan rana, ba shi da ikon fita sai ya yi soja, ko kuwa shekarunsa sun kai 38. Bugu da ƙari, daga watan Mayu na 2018 wanda ya bar ƙasar bai yi hidima ba, ba zai sami bizar F-4 ba sai ya kai shekara 41. Wanda kuma aka tabbatar ya bar ta ne domin guje wa soja, doka ta hana a mayar masa da matsayinsa na ɗan ƙasa. Ashe fita tana da sauƙi, komowa aiki ne ke da wuya.

Amma fa tarkon da aka ɗana wa masu wayo ya kama har da waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Da yake a Koriya ta hanyar jini ake gadon ƙasa, yaron da aka haifa a Amurka, wanda mahaifinsa bai riga ya sauya ƙasa ba, ɗan Koriya ne ko da bai taɓa taka ta ba. Da yawa ba sa sanin haka sai sun zo neman aikin gwamnati ko shiga makarantar soja a can Amurka, inda ake tambayar ko mutum yana da wata ƙasa. A watan Satumba na 2020 Kotun Tsarin Mulki ta ce wannan tsanani ya wuce kima, daga Oktoban 2022 kuma aka buɗe ƙofa ga masu ƙwaƙƙwaran uzuri.

Mu a nan Nijeriya ba mu da aikin soja na tilas, amma muna da bautar ƙasa ta shekara guda wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa cikin 1973, dokarta kuwa ta umurci mai ɗaukar aiki ya nemi ganin takardar kammalawa ko ta yafewa daga wanda ya gama jami'a. Ba a manta da Kemi Adeosun ba, wadda aka haifa a London, ta yi murabus daga muƙamin Ministar Kuɗi a watan Satumba na 2018 bayan an gano takardar yafewar da ke hannunta ba sahihiya ba ce. Cikin 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa bautar ƙasa ba ta hau kanta ba tun fari, domin lokacin da ta gama karatu cikin 1989 tsarin mulkin 1979 ne ke aiki, shi kuwa bai yarda da zama ɗan ƙasashe biyu ba. Hukuncin ya zo, amma kujerar ta riga ta tafi.

Tsarin mulkin 1999 ya halatta wa wanda yake ɗan Nijeriya ta haihuwa ya riƙe fasfon wata ƙasa, sashe na 29 kuma ya bayyana yadda ake barin ƙasar baki ɗaya. To, ga ma'aikacin da aka haifa wa ɗa a wurin aiki ko karatu a waje, da ɗalibin da ke shirin tsallaka teku, shawararmu ita ce su bincika tun da wuri abin da kowace ƙasa take bin ɗanta, da ranar da ta yanka masa. Fasfo na biyu yana buɗe ƙofofi, amma wanda ya ci ladan kuturu, in ji Hausawa, sai ya yi masa aski.