Abin da ke Faruwa a Bakin Nozul Kafin Dizal Ya Kama Wuta

Injin dizal ba shi da fulogi, wannan ko yaron mota ya sani. Amma ƙarfin da tirela ke hawa tudu da shi, da baƙin hayaƙin da take turnuƙe hanya da shi, duk suna rataye ne a kan yadda mai ke fita ta wasu 'yan ƙofofi da ido ke gani da ƙyar.

Fistan kan matse iska zalla har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500. A nan nozul ke buɗewa. Na injinan zamani yana da ƙofofi shida zuwa goma, faɗin kowacce tsakanin milimita 0.1 da 0.2, matsin da ke turo man kuwa yakan kai bar 2,000. Tayar ƙaramar mota bar biyu da 'yan kai take ɗauka. Da irin wannan matsi man ke fita da gudun ɗaruruwan mitoci a daƙiƙa guda.

Tun kafin ya fito ma ya fara wargajewa. Yayin da yake shan kwana zai shiga ƙofar, matsinsa kan faɗi ƙwarai a gefen bakinta, har ya tafasa ba wuta, ƙananan kumfa su ɓullo a cikinsa. Kumfar nan da dambarwar gudu su ne ke fara yayyaga shi. Da ya fito kuma sai ya ci karo da iska mai kauri, ta farfasa manyan ɗigo zuwa ƙanana, waɗanda ba su kai rabin kaurin gashin kai ba. Feshin na tafiya yana buɗewa, yana jawo iska mai zafi cikinsa, kafin ya yi santimita biyu ko uku ruwan ya ƙare, saura tururi. Tururin ne ke kama wuta, cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Ba kowane feshi ne mai kyau ba. In ɗigon ya yi girma, sai ya zarce ya jiƙa kan fistan ko bangon silinda bai ƙone ba. In ya cika ƙanƙanta, ba ya da ƙarfin kutsawa, sai ya tsaya kusa da nozul alhali iskar gefe na zaune a banza. A 1997 John Dec, masani a ɗakin binciken Sandia na Amurka, ya bayyana abin da suka gani da hasken leza a cikin inji mai tagar gilashi: toka baƙa tana haɗuwa ne a tsakiyar feshin, inda mai ya fi ƙarfin iska, gubar da ke cutar da huhu kuma tana fitowa ne a gefensa, inda wuta ta fi zafi. Ka rage ɗaya, ɗayar ta ƙaru. Wannan matsalar ce ta daɗe tana ba injiniyoyi ciwon kai.

Rudolf Diesel kansa, wanda injin ke ɗauke da sunansa, a injinsa na 1897 a Augsburg ta Jamus, da matsattsiyar iska yake hura man ciki. Famfon mai na kamfanin Bosch ya fito a 1927. A 1997 motar Alfa Romeo 156 ta zo da tsarin da ake tara mai a bututu ɗaya mai matsi, kwamfuta na buɗe nozul. Shi ya ba da damar fesa ɗan mai kaɗan kafin babban feshi, abin da ya rage ƙwanƙwasar da aka san dizal da ita.

Mu nan sau da yawa aikin feshin nan ɓata shi muke yi. Mai mai datti ko ruwa yana cinye bakin nozul, ƙofar ta faɗaɗa ko ta toshe, feshi ya koma tsiyaya. Sai mota ta rasa ƙarfi, wani bakanike ya ce a ƙara wa famfo mai. A ganina wannan ɓarna ce kan ɓarna, don man da aka ƙara ta salansa zai fita. Direba, in ka ga hayaƙin motarka ya yi baƙi, fara duba filtar iska da ta mai, sannan ka sa a cire nozul a gwada feshinsa kafin a taɓa famfo.