Hular Kwano Ba Ta Karya Wuya

Wani saƙon murya na yawo a wayoyin mutanen Ruwan Godiya da ƙauyukan Faskari, har ya kai Kankara da Sabuwa, yana jan kunnen iyaye kada su bari 'ya'yansu masu koyon babur su sa hular kwano. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai ambaci likita ko asibiti ba, amma ya jero zarge-zarge kamar wanda ya shekara yana ɗinkin kawuna. Ya ce ana tsafi da hular, tsohon zancen da ya bazu tun Janairun 2009 lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sanya ta, har wasu 'yan acaba suka riƙa kifa ƙwarya a ka. Ba a taɓa kawo hujja a kansa ba. Ya ce tana yaɗa makero da ƙwarƙwata. Hular da ake aro na iya yin haka, maganinsa kowa ya mallaki tasa.

Zargin da zai iya kashe yaro shi ne na uku: wai nauyin hular ne ke karya wuya idan aka faɗi. Uwar da ta yarda da wannan ba ta cancanci zargi ba, tsoro ne ya kama ta, kuma hankali na iya ɗauka cewa kaya a ka zai ja wuya. Sai dai an bincika. A 2008 masana na ƙungiyar Cochrane suka tattara nazarce-nazarce da dama, suka gano hular tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. A 2011 likitocin Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka duba bayanan mahaya fiye da 40,000 da suka yi haɗari, suka tarar masu hula sun fi tsira daga raunin ƙashin wuya da kimanin kashi 22 cikin ɗari. Ke nan abin da saƙon ya faɗa, kishiyarsa aka gani. Dalilin yana cikin ƙirar hular: ɓawon waje yana baza ƙarfin bugu, farin soso mai tauri na ciki yana murƙushewa ya shanye shi, sai abin da ke isa ƙwaƙwalwa da wuya ya ragu. Rawani ko hular zanna ba su da wannan soson.

Wani zai ce ya ga wanda ya mutu da hula a kansa. Gaskiya ne, kashi 42 ba ɗari ba ne, kuma karo da tirela a hanyar Funtua zuwa Gusau ya fi ƙarfin kowace hula. Wani zai ce ɗan koyo a hankali yake tafiya, daga gida zuwa gona kawai. To, kan mahayi yana sama da ƙasa da kusan mita ɗaya da rabi, kuma faɗuwa daga nan kan dutse ta isa ta fasa ƙoƙon kai ko babur bai yi gudu ba. Ɗan koyon ne ma yashi ko burkin gaba ya fi kayarwa.

Abin lura shi ne ba kowace hula ce hula ba. Ta masu gini da ta roba mai araha marar soso ba sa kare mahayi. Wadda ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba takan fice kafin kai ya taɓa ƙasa, wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi kuma ta gama aikinta ko ba a ga tsagewa ba. Idan aka iske mahayi kwance bayan haɗari yana numfashi, kada a fizge masa hular, a tallafe kansa da wuyansa kada su motsa har a kai shi ga ma'aikacin lafiya.