Ƙarfin Baka Ba Shi ke Kayar da Barewa Ba

Duk lokacin da kakar farauta ta kama a Amurka, daga Satumba zuwa ƙarshen shekara, wayoyi kan cika da bidiyon maharba. Ana nuna wani ƙato ya ja baka har jijiyoyin wuyansa sun tashi, ya saki kibiya daga nesa, barewa ta zabura, sai a yanke hoton, a dawo da shi yana murmushi riƙe da ƙaho. Masu kallo, har da samarinmu da ke bin irin waɗannan shafuka, sai yabo: wai ga namiji, wai bakansa sai mutum biyu su taru ba su ja ba. Abin da ba a nunawa shi ne sauran barewoyin da aka soka a cinya ko a tumbi, suka shige kurmi da kibiya a jiki, aka neme su aka rasa. Wannan yabon ƙarfi ya isa haka nan, domin shi ne ke tura sababbin maharba sayen bakan da ya fi ƙarfinsu, dabba kuma ita ke shan wahalar.

Bakan gargajiya, a wurin mutanen can, itace ne da tsarkiya kawai: ko dogon baka, ko mai lanƙwasassun baki. Babu madubin saiti, babu kunama. Kishiyarsa shi ne baka mai gargare, wanda Holless Wilbur Allen, mutumin Missouri, ya ƙirƙira ya kuma sami rajistarsa a 1969, wanda yawancin maharban Amurka ke amfani da shi a yau. Dabbar da ake nema kuwa ita ce barewa mai farar wutsiya, wadda ta fi tamu ta Sahel girma, namijinta yana da ƙaho mai rassa da ke faɗuwa ya sake tsirowa kowace shekara.

Abin mamaki, wanda ya farfaɗo da farauta da baka a can ba mai ƙarfi ba ne. A 1911 wani mutum ya fito daga daji kusa da garin Oroville a Kalifoniya, a rame, a yunwace. Shi ne na ƙarshe da ya rage daga ƙabilar Yahi, aka sa masa suna Ishi. Likitan da ke duba shi, Saxton Pope, ya zama abokinsa kuma almajirinsa a harbi. Bakan Ishi gajere ne, an manna masa jijiyar dabba a baya, nauyin jansa kusan kilo 20 ne. In aka kafa abin bara a fili, Pope kan fi shi samu. In aka shiga daji kuwa, babu mai kama ƙafarsa, domin ya iya sanɗa, ya iya kwaikwayon kukan dabba har ta taho da kanta, ba ya kuma harbi sai ta matso. Ishi ya rasu a 1916 da tarin fuka. Pope ya wallafa littafinsa kan farauta da kwari da baka a 1923, abokinsa Art Young ya yi fim ɗin farautarsa a Alaska, fim ɗin ya ja hankalin wani saurayi a Detroit mai suna Fred Bear, wanda daga baya kamfaninsa ya cika ƙasar da bakunkuna. A 1934 jihar Wisconsin ta ware wa masu baka lokacin farautar barewa nasu na kansu, sauran jihohi suka bi.

To daga ina ɗaukin baka mai nauyi ya fito? Wani ɓangarensa daga Howard Hill ne, gwanin da ya yi harbe-harben fim ɗin Robin Hood na 1938, wanda ya shahara da jan bakan da ya haura kilo 45. Amma Hill ya yi rayuwarsa ne da baka a hannu, har giwa ya harba da shi. Ma'aikacin ofis da ke taɓa baka ranar Asabar kawai, ya ce zai bi sahunsa, yaudarar kansa yake yi.

Mai karatun da ya san maharban ƙasar Hausa zai fi saurin gane matsalar. Maharbinmu na dā bai dogara da ƙarfin baka ba, ya dogara ne da dafi, irin wanda ake haɗawa da 'ya'yan kwankwani. Kibiya ta shiga ko'ina a jiki, dafi ya ƙarasa aiki, shi kuma ya bi sawu. A Amurka doka ta hana dafi a kusan dukkan jihohi. Saboda haka kibiya ba ta da mataimaki. Ba ta kuma kashewa da bugu kamar harsashi; yanka take yi, dabba ta zubar da jini. In ta ratsa huhu biyu, barewa kan faɗi cikin daƙiƙoƙi kaɗan, sau da yawa maharbi na ganinta ko yana jin faɗuwarta. Wurin da ake nema ɗin, bayan kafaɗa, faɗinsa bai wuce na ƙaramin faifai ba. Kibiyar da ta kauce wa wannan wuri, ko da bakan Howard Hill aka harba ta, rauni kawai ta yi.

Haƙarƙarin barewa kuma ba na ɓauna ba ne. Baka mai nauyin ja kilo 18 zuwa 20, da kibiya mai nauyi da kaifi, yana ratsa ƙirjinta ya fita ta ɗaya gefen. Shi ya sa jihohi da yawa suka tsayar da mafi ƙarancin nauyin da doka ta yarda da shi tsakanin kilo 14 da 18, wasu ma ba su sa iyaka ba. Wanda ya sayi na kilo 30 bai ƙara wa barewa mutuwa ba, kansa ya ƙara wa wahala.

Ga yadda wahalar take. Baka mai gargare na kilo 32, in aka ja shi ya kai ƙarshe, gargaren kan ɗauke kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyin, maharbi ya rage riƙe da kamar kilo 6, yana iya tsayawa ya daidaita a natse. Bakan gargajiya ba ya ɗauke komai. Yadda ake ƙara jansa haka yake ƙara tauri, kuma yatsu uku ne ke riƙe da nauyin duka. Wanda baka ya fi ƙarfinsa ana gane shi daga nesa: yana ɗaga bakan sama kafin ya ja, kafaɗarsa na ɗagowa zuwa kunne, hannunsa na rawa, sai ya saki tsarkiya tun yatsansa bai taɓa gefen bakinsa ba. Ana auna nauyin baka ne a jan inci 28, kuma kowane inci da aka gaza kaiwa yana rage kusan kilo guda. Ke nan mai alfahari da babban baka sau da yawa ƙaramin baka yake harbawa, sai dai kowane harbi da irin nasa jan, kowace kibiya da inda ta nufa. Wannan fa a tsakar gida ne, da rana, jiki da ɗumi. A daji kuwa, cikin Nuwamba, bayan awa uku yana zaune a kan bishiya cikin sanyi mai daskarar da ruwa, sanye da riguna masu kauri, zuciya na bugawa saboda ga namijin barewa ya ɓullo, akwai waɗanda ke kasa jan bakan gaba ɗaya.

Masu kare baka mai nauyi kan ce ai yana ƙara gudun kibiya, sai a iya harbi daga nesa. Lissafi bai goyi bayansu ba. Baka mai nauyi yana buƙatar kibiya mai nauyi, don haka gudun ba ya ƙaruwa sosai. Kibiyar bakan gargajiya tana tafiyar mita 50 zuwa 55 a daƙiƙa. Sauti kuwa yana tafiyar mita 343. A tazarar mita 18, ƙarar tsarkiya ta riga ta isa kunnen barewa alhali kibiya na da sauran kusan sulusin daƙiƙa a hanya. Barewa in ta firgita, ƙasa take fara yi ta tanƙwashe ƙafafu kafin ta yi tsalle, sai kibiyar da aka nufi huhu da ita ta sami gadon baya ko ta wuce ta sama. In aka ninka tazarar, an ninka mata lokacin kaucewa. Shi ya sa tsofaffin hannu ke tsayawa tsakanin mita 10 da 18, kuma ba sa jin kunyar faɗa.

Akwai shaida a rubuce. A wani sansanin ajiye makamai na soja da ke McAlester, jihar Oklahoma, inda bakan gargajiya kaɗai aka yarda a yi farauta da shi, masu bincike sun saƙala wa mazajen barewa na'urar bin sawu. Rahoton da suka fitar a 1998 ya nuna an harbi 22, maharba suka samu 11, sauran 11 suka ɓace musu. Uku daga cikin waɗanda suka ɓace sun mutu saboda raunin, sauran suka warke. Adadin kaɗan ne, daga wuri ɗaya, amma rabi cur ba abin ɗaga kafaɗa ba ne. Dabba mai rai ce, tana jin zafi, kuma babu addinin da ya halatta a azabtar da ita don a sami hoton sawa a Facebook.

Akwai wasu dalilan rauni, kamar reshen da ba a gani ba da duhun magariba, amma su kowa ya san da su.

Wanda ya ƙuduri aniyar shiga wannan farauta da gaske, abu na farko shi ne ya ajiye girman kai ya fara da baka mai sauƙi, na kilo 11 zuwa 14, ko da abokai za su ce na yara ne. Da shi zai koyi tsayuwa, da jan tsarkiya da tsokar baya maimakon ta dantse, da kai yatsa wuri guda a gefen baki a kowane harbi. Sai jiki ya saba sannan ya hau zuwa na farauta. Gwajin da maharba ke yi wa juna mai sauƙi ne: mutum ya zauna a kujera, ya ja baka a hankali ba tare da ɗaga shi sama ba, ya riƙe na daƙiƙa kamar goma. In ya kasa, bakan ba nasa ba ne tukuna. Gara kibiya 20 kullum da natsuwa da 200 ranar Asabar.

Sai ya gano iyakarsa da kansa. Kibiyar farko ta safiya ita ce abin lura, domin barewa ba ta ba da damar gwaji. Tazarar da kibiyarsa ta farko ke shiga wurin huhu kusan kowane lokaci, ita ce tazararsa, ko da mita 12 ce. Ya yi atisaye cikin rigunan da zai sa ranar farauta, domin hannun riga mai kauri na kama tsarkiya. In daga kan bishiya zai yi harbi, ya yi atisaye daga sama, yana lanƙwasawa daga ƙugu, kuma ya ɗaura ɗamarar kariya tun daga ƙasa. Faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke raunata mafarautan barewa a can.

Kibiya ma ba a saya ido rufe. Dole taurinta ya dace da bakan, in ba haka ba za ta tafi tana kaɗa gindi ta shiga a karkace. Ta kai nauyin kamar giram 30 ga bakan kilo 20. Bakin ƙarfenta kuwa a wasa shi har ya iya aske gashin hannu, a kuma sake dubawa bayan ya kwana cikin kwari. Bakin da ya dakushe yana ture jijiyar jini ya wuce maimakon ya yanke ta.

Ragowar aikin na sanin daji ne. Hancin barewa ya fi idonta, don haka iska ce ke zaɓa wa maharbi wurin zama. In ta juya tana kai warinsa wajen da dabbar za ta fito, ya tashi ya tafi gida. Ya san hanyar da take bi tsakanin makwancinta da gonar masara ko gindin bishiyoyin da 'ya'yansu ke zuba. In ta zo, ya jira ta ba shi gefe, ko ta ɗan juya baya kaɗan, kanta a sunkuye. Wadda ta fuskanto shi, ko wadda ke kallonsa kunnuwa a tsaye, a bar ta ta wuce. Maharbin gargajiya kan yi kaka guda bai saki kibiya ko ɗaya ba, ga kuɗin lasisi ya biya, kuma cikin masu wannan sana'a ba a ɗaukar hakan faɗuwa. Kuɗin ma ba asara ba ne, domin shi da harajin kayan farauta na cikin abin da ya dawo da barewar daga ƙasa da rabin miliyan a farkon ƙarni na 20 zuwa kusan miliyan 30 a yau.

In an yi harbin, sai a zauna. Maharbi ya riƙe a ransa bishiyar ƙarshe da ya ga dabbar ta gifta, ya jira aƙalla rabin awa, sannan ya sauko ya duba kibiyarsa. Jini mai haske da kumfa alamar huhu ce, ya bi sawu. Ja mai duhu na hanta ne, ya ƙara awa huɗu. In kibiyar ta fito da kore-kore da wari, tumbi ya samu, kuma nan ne sababbin hannu ke tafka ɓarna: suna bin ta nan take, su tashe ta daga inda ta kwanta, ta yi nisan da ba za a ƙara ganinta ba. Irin wannan sai a ja da baya shiru, a ba ta awa takwas zuwa sha biyu, a dawo da fitila da abokin tafiya, ko da karen bin jini a jihohin da doka ta yarda da shi.