Aibin Gida Bayan Ciniki: Inda Mai Saye Zai Kai Ƙara

An rubuta wannan bayani domin Hakimai da magatakardansu, gama su ne mai kuka yakan fara sallama wa tun bai san ƙofar kotu ba. Akan yi cinikin gida da rani, sa'ad da kowane soro yake a bushe, an yi wa bango sabon yaɓe. Sai damina ta sauka sa'an nan a ga rufi yana yoyo, ko gara ta cinye azara, ko kuwa ashe gidan a kan hanyar ruwa yake. Mai saye ya zo yana cewa an cuce shi, mai sayarwa kuwa ya ce ai ciniki ya faɗa.

Tun da aka buɗe Kotun Ƙananan Ƙararraki, a Legas cikin 2018, a Kano kuma cikin 2019, mutane da yawa suna zaton can ne maganin wannan rigima. Wani lokaci haka ne, amma ba kullum ba. Majistare ne yake zama a wannan kotu, kuma an kafa ta ne don karɓar bashi da sauran kuɗin da aka san adadinsu. Sa'ad da aka fara, iyakar abin da take saurara naira miliyan 5 ne, kuma an ƙayyade a gama shari'a cikin kwana 60. Mutum yana iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. Kowace Jiha da tata ƙa'idar, ana kuwa yi musu gyara, saboda haka magatakarda ya tambayi rajistaran kotu iyakar kuɗin kafin ya tura kowa.

To, abin lura shi ne, tsagewar bango ba bashi ba ce. Wanda ya je ya ce an sayar masa da ruɓaɓɓen gida, a bi masa hakkinsa, bai kawo adadi ba tukuna, mai yiwuwa ne a ce masa ya nemi wata kotu. Amma in mai sayarwa ya amsa a gaban shaidu cewa zai biya kuɗin gyara kaza, aka rubuta, ya sa hannu, daga baya ya ƙi cikawa, maganar ta zama bashi sosai. Sai mai saye ya aika masa da takardar neman biya, ya jira wa'adin da ke cikinta, sa'an nan ya cika takardar ƙara. Nan ne amfanin zaman sulhu a gaban Hakimi yake. Hakimi ba ya yanke hukunci, amma takardar da magatakardansa ya rubuta da kyau, da kwanan wata, da adadin kuɗi a lamba da kalmomi, ita ce take mai da doguwar rigima gajeriyar ƙara.

In sulhu ya ƙi, Musulmi sukan nufi Kotun Shari'a, ko Kotun Yanki a Jihohin da take aiki. Malaman Malikiyya sun daɗe da tsara wannan babi. Littafin Tuhfa na Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426, wanda alƙalanmu suke dubawa, ya kasa aibin gida kashi uku. Wanda bai rage kome daga kuɗin gidan ba, ba a mayar da gida dominsa, ba a biyan kome. Wanda ya rage wani abu amma bai kai sulusi ba, kamar tsaga a bango, mai saye ya riƙe gidansa, a mayar masa da kimar aibin. Wanda ya kai sulusi ko ya wuce, mai saye yana da ikon mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. Misali, an sayi gida naira miliyan 12. In masana suka ce aibin ya rage miliyan 1, miliyan 1 ɗin za a mayar. In suka ce ya rage miliyan 4, ciniki yana iya warwarewa. Har rijiyar da aka tarar ruwanta zartsi ne a unguwar da ruwan kowa yake da daɗi, an lissafta ta cikin manyan aibobi.

Ba mai saye ne yake kimantawa ba, ba kuwa Hakimi ba. Aikin magina ne amintattu, su duba su faɗi abu biyu: nawa aibin ya rage, kuma ya riga ciniki ne ko bayansa ya auku. Na biyun ya fi wuya. Don haka kada mai saye ya yi gaggawar rushewa ko gyarawa kafin a zo a gani, a ɗauki hoto. Wanda ya gyara bango da safe ya kai ƙara da yamma ya binne shaidarsa da hannunsa.

Har wa yau akwai maganar shiru. Wanda ya ga aibi ya yi kwanaki bai ce kome ba, ba da wani uzuri ba, ko ya sa gidan a kasuwa bayan ya gani, ana ɗauka ya yarda. Zama a cikin gidan lokacin da ake shari'a kuwa ba ya zama yarda. Aibin da yake a fili, wanda duk mai ido zai gani ranar da ya zagaya gidan, ba a jin kuka a kansa. Shi kuma mai sayarwa, tilas ne ya bayyana abin da ya sani, ɗaya bayan ɗaya. Cewar da dillalai suke yi, wai an sayar da gida yadda yake, ba ta wanke wanda ya san gara tana cikin rufi ya shafe da fenti.

Dokar da aka gada daga Ingila ta fi wannan tsanani ga mai saye. A can, shi ne zai buɗe idonsa tun kafin ya biya, ba ya samun kome sai ya tabbatar an yi masa ƙarya ko an ɓoye aibin da gangan. Ya kamata a gaya wa mai ƙara wannan tun bai zaɓi kotu ba.

Wani abu dabam shi ne in aibin a takarda yake, watau gidan na gado ne ba a raba ba, ko an jinginar da shi, ko an sayar wa mutum biyu. Wannan rigimar mallaka ce, Kotun Ƙananan Ƙararraki ba ta da hannu a ciki. Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin da Gwamna ya ba da takardar mallakarsa, Babbar Kotun Jiha ce take jin ƙararsa, kuma ba a sayar da shi sai da iznin Gwamna.

Ana roƙon Hakimai su umarci Dagatai da Masu Unguwa, duk cinikin gidan da za su shaida, a zagaya da mai saye ɗaki ɗaki, a rubuta aibobin da aka nuna masa a jikin takardar ciniki, a ba kowane ɗayansu kwafi, a ajiye ɗaya a ofishin Hakimi.