Sukur, inda ake tare ƙasar noma da dutse

Wanda ya saba da filayen Kano ko Katsina, inda ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da tudu ba, idan ya tsaya a gindin dutsen Sukur da wuya ya yarda ana noma a can sama. Ana yi kuwa, tun kaka da kakanni. Garin yana ƙaramar hukumar Madagali a jihar Adamawa, cikin jerin duwatsun Mandara da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru, a tsayin da ya haura mita 1,000. Mota ba ta hawa. A ƙasa ake barinta, a bi hanyar da magabata suka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu.

Kafin a yi nisa gonakin sun fara bayyana, hawa-hawa kamar matakalar bene. Kowane hawa katangar duwatsu ce, wata iya gwiwa wata ta kai ƙugu, an gitta ta a gangare don ta riƙe ƙasar da ke bayanta. Wani fegin bai fi taku biyu ba a faɗi, amma ba a raina shi, sai an jefa masa iri.

Ba siminti, ba laka, kuma ba rashinsu ne ya sa ba. Idan ruwan Agusta ya sauko kan gangaren da ba a tare ba, da gudu yake gangarowa, ya kwashe ƙasar sama mai albarka, ya bar tsakuwa da kwazazzabo. A nan kuwa kowace katanga sai ta karya masa ƙarfi. Ya tsaya, ya nutse, abin da ya rage ya tsiyaye ta kafofin da ke tsakanin duwatsun, ƙasar ta zauna inda take. Da an liƙe kafofin nan, nauyin ruwan da ya taru a baya shi zai ture katangar. Manomin ya san haka ba tare da ya taɓa shiga ajin koyon aikin gona ba, don shi ke ɗora manyan duwatsun a ƙasa, ya ɗan jingina su da jikin tudu, ya cusa ƙanana a inda suka yi giɓi.

Aikin ba ya ƙarewa. Damina ta zame da wani dutsen, awaki su ture wani da rani. Saboda haka kafin ruwan shuka mai gida da iyalinsa kan bi gonar hawa bayan hawa suna mayar da abin da ya faɗi, ƙasar da ta zube ƙasa a kwaso ta a kwando a mayar sama.

Taki kuma daga cikin gida yake fitowa. Mutanen Sukur suna kiwon sa a wani ɗaki da aka haƙa ƙasansa aka gina da dutse, can ake kai masa ciyawa da ruwa har ya yi ƙiba. Kashinsa ba ya watsewa a daji. Ana haɗa shi da toka da sharar gida a kai gona a ka. Dawa da gero da wake ake shukawa, galibi a gauraye, waken ya rufe ƙasa ya rage dukan ruwa. A tsallaken iyaka, wajen Mokolo, 'yan ƙabilar Mafa kan yi dawa bana su yi gero baɗi. Kuma ba a taɓa gawo idan ya tsiro a gona, tunda da damina yake kakkaɓe ganyensa, bai hana shuka rana.

A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Najeriya. Baƙi sun fi ɗaukar hoton fadar Hidi, sarkin garin, da kufan maƙerun da suka taɓa narka tama har fartanyoyinsu suka yi suna a yankin. Ni dai a ganina katangun gonar sun fi cancantar a damu da su, domin su ne ba sa jure sakaci ko na shekara biyu.

Hare-haren Hamman Yaji, sarkin Madagali na lokacin, a farkon ƙarni na 20 ba su raba mutanen da dutsensu ba. A Disambar 2014 'yan Boko Haram suka hau suka ƙona gidaje, jama'a suka watse, daga baya suka koma. Abin da ke cin gonakin a hankali shi ne saukar matasa zuwa fili, inda ake huɗa da shanu, ga makaranta da kasuwa da asibiti kusa. Ba mai ganin laifinsu. Macen da ke jiran ruwa ya taru a rijiyar dutse cikin watan Afrilu ta fi kowa sanin wahalar zaman sama. Sai dai idan gida guda ya sauka, katangarsa ta ɓalle, ruwan da take tarewa gonar maƙwabcinsa ta ƙasa yake faɗawa da ninkin ƙarfi, shi ma tasa ta bi, kwazazzabon ya yi ta cin hawa ɗaya bayan ɗaya har gindin dutse.